Jar Sitika a Hannun Kaka

Har yau, idan Malama ta ji ƙarar salatif ana jansa a kan kwali, sai ta tsinci kanta a falon tsohon gidansu. Falo ne ƙarami mai labulen da rana ta ci gefensa, da fankar da ke kuka kamar tana neman a yafe mata. Ƙofarsa ta baya tana buɗewa kan baranda, inda Kaka take zama kullum da yamma ta miƙe ƙafafu, jikarta tana kwance a cinyarta suna faɗa. Gidan haya ne, famfonsa yana ɗiga, amma a cikinsa aka kawo Malama amarya, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta biyu, kuma ba ta taɓa sanin tana son sa haka ba sai ranar da aka ce ta bar shi.

Mijinta ne ya shigo da labarin. Jakada take kiransa tun kafin su yi aure, don tsokana, alhali ƙaramin jami'i ne a ma'aikatar harkokin waje, mai hawa da sauka da fayil tsakanin benaye. Ran nan ya dawo da wuri, ya tsaya a bakin kicin yana murmushin da ya kasa ɓoyewa.

"Malama, ajiye wuƙar nan tukuna."

"Faɗi, ina jin ka."

"An tura mu. Ofishin jakadanci, ƙasar waje. Da ke da yara."

Ta yi ihu, ta rungume shi da hannu mai warin albasa, ta yi dariya har ta ƙware. Ta san shekarun da ya yi yana jiran wannan rana. Sai can da dariyar ta lafa ta tuna da ajinta na 'yan firamare, ta tuna da maƙwabta, sannan ta juya ta dubi baranda.

"Inna fa?"

Ya sosa ƙeya. Doka ta ce mata da 'ya'ya kawai. Uwa ba ta ciki.

Kaka, wato mahaifiyarsa, ba ta ɗauki abin da zafi ba. Tun rasuwar mijinta take zaune tare da su, kuma tsakaninta da Malama babu wannan ɗari-ɗarin na suruka, sai dai kunyar da ba a rasa ba. Ta saurare su har suka gama, ta shafa gwiwarta.

"Ni da wannan gwiwar ina za ni? Ku tafi, Allah ya tsare, ya sa a dace. Na koma wajen Gwaggonsu, dama ta daɗe tana mita. Abu ɗaya nake tambaya. Wa zai faɗa wa takwarata?"

Yarinyar shekararta biyar, sunan Kaka aka sa mata, don haka babu mai iya kiran sunan a gidan. Ubanta yana ce mata Uwata, kowa kuma Takwara. A gadon Kaka take kwana, a kofinta take shan shayi, kuma ba a wayi gari ba tare da sun yi rigima ba. Ita ta ce tsohuwa mai minshari, Kaka ta ce ja'ira mai kwana da ƙafa a bakin mutum. Ƙaninta, Auta, bai gama iya magana ba, shi duk inda uwarsa take nan ne duniya.

"Ki bar min wannan, Inna," in ji Jakada. "Isar da labari mara daɗi ai shi ne aikinmu."

A aikinsu kuwa ba a cewa a'a. Abu na farko da aka koya masa ke nan. Idan baƙo ya nemi abin da ba zai samu ba, sai a ba shi shayi, a yi masa murmushi, a ce ana kan duba lamarin, har ya gaji ya gane da kansa, a rabu ba wanda ya ji kunya. Da haka ake riƙe zumunci tsakanin ƙasashe, kuma Jakada ya yarda da wannan hanya har zuciyarsa. Don haka da Takwara ta haye cinyarsa ta ce, "Abba, a jirgi ni zan zauna kusa da taga ko Kaka?" sai ya gyara mata kitso da yatsa ya ce, "Uwata, ana kan duba wannan maganar."

Ranar da masu ɗaure kaya suka zo, gidan ya cika da kwalaye da warin sabuwar takarda. Ogansu, wani mai tumbi da fensir a bayan kunne, ya ɗora bandir biyu na sitika a kan tebur ya yi wa Malama bayani da babbar murya.

"Hajiya, ki saurara da kyau. Shuɗiya, jirgin sama, tare da ku. Ja, jirgin ruwa, sai daga baya ya same ku. Abin da babu komai a jikinsa, ya zauna. Mu ba ma tambaya. In kin manna ja a kwandon shara, wallahi da shararsa zai haye teku."

Malama ta bi ɗaki-ɗaki tana mannawa, tana jin kamar hukunci take yanke wa kayanta. Tukunyar da ta fara girki da ita, ja. Gadon jariri, babu komai. Ba ta lura da Takwara ba, wadda ta tsaya bayan kujera ta haddace bayanin Oga kaf, sai da ta ji muryarta daga baranda.

"Tsaya mana, tsohuwa, kar ki motsa!"

Suka leƙa. Yarinyar ta kama hannun Kaka, ta manna mata jar sitika a bayansa, tana dannawa da babban yatsa don ta kama sosai.

"Me ya sa ja?" Oga ya tambaya yana riƙe ciki.

"Tana da nauyi. Kuma ko bene ta hau jiri take ji."

"Ja'ira! Ni ce mai nauyi? Ke da kika karya min baya da goyo?"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Jakada ya fi kowa dariya, dariyar mutumin da aka sauke masa kaya daga ka.

"Kun gani? Uwata ta warware abin da ya gagari ma'aikata guda."

"Abba, haka ne ko? Za ta zo da kaya?"

"To... mu jira kayan su iso tukuna, Uwata."

Ita kuwa eh ta ji. Ta ruga da gudu ta sanar da Auta. Malama ta buɗe baki, ta dubi hasken da ke fuskar 'yarta, ta rufe. Ta gaji, kanta yana ciwo, kuma ta san kukan Takwara ba na awa ɗaya ba ne. Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa jan abin da ke hannunta ido, kuma ba ta ɓare shi ba.

Da ma'aikata suka tafi, Kaka ta kira ɗanta da Malama.

"Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ko magani zan ba ta, in mai ɗaci ne, ce mata nake yi mai ɗaci ne, buɗe baki. Ba zan tsallake ku in faɗa mata ba, ku ne iyayenta. Amma duk ranar da ta tambaye ni, abin da yake shi zan faɗa."

"Inna, na ɗan lokaci ne. Da ta saba da can za ta manta."

Kaka ta dubi ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Kai ka manta da ni da aka kai ka makarantar kwana?"

Ya miƙe ya koma wajen kwalaye.

Takwara ba ta tambaya ba, don a ganinta magana ta ƙare. Da safen tafiya kowa ya yi kuka, har maƙwabciyar da ba sa ga maciji da Malama, amma ita ko ɗigo. Ta tsaya da 'yar jakarta a baya tana ba Kaka umarni.

"Sai kin zo. Kar ki leƙa ruwa ki faɗa. Kuma kar ki yi wa mutane minshari."

Kaka ta jawo ta ta matse a ƙirji, ta daɗe, ta sa hanci cikin kitsonta tana shaƙa.

"Kin matse ni, tsohuwa! Ai za ki zo."

Kaka ta sake ta ba tare da ta ce uffan ba. Motar da za ta kai su filin jirgi ta ja. Malama ta waiwaya ta ga tsohuwar tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango, tana ƙanƙancewa, har kwana ta ɗauke ta.

Sabon gidan yana can saman wani dogon bene, sai an hau lif. Komai na ciki na gwamnati ne: kujerun da wasu iyalai suka zauna a kai kafin su, labule mai kauri, cokula masu sanyi a hannu. Babu abin da ke ɗiga, babu abin da ke kuka, kuma wannan shirun ne ya fi damun Malama. Jakada yana fita da sassafe cikin kwat, ya dawo da yamma da ƙamshin ɗakunan taro. Ita kuma, wadda yara arba'in ke miƙewa tsaye idan ta shiga aji, ta koma mai nuna tumatir da yatsa a kanti tana murmushin ban-haƙuri. Wani lokaci takan tsaya a taga ta rufe ido, ta bi titinsu na da a zuci: shagon tela, mai gyaran keke da rediyonsa, ramin da ke tara ruwa, ƙofarsu. Idan ta buɗe ido sai ta ga motocin da ba su san ta ba.

Takwara ce ta fi kowa walwala. Jira ne ya riƙe ta. A sabuwar makaranta ba ta jin abin da ake faɗa, amma ba ta damu ba, tana tara komai ne don Kaka. Ta ajiye mata gefen gado na jikin bango, ta hana Auta ko taɓa filon. Ta sa ubanta ya nuna mata teku a taswira, kullum ta ɗan matsar da yatsa gaba.

"Yau Kaka tana nan. Umma, a jirgin ruwa akwai shayi?"

"Akwai mana," Malama takan ce.

"Me ya sa ba ta kira?"

Ita da kanta ta ba kanta amsa: a tsakiyar ruwa ai babu waya.

Don haka sai a ɓoye Malama take kiran surukarta, daga kicin, ta rufe ƙofa ta buɗe famfo. Su gaisa, a tambayi gwiwa, a tambayi Gwaggo, sannan Kaka ta gangaro kan maganar Takwara.

"Ta ci abinci?"

"Ta ci, Inna."

"Ba ni ita mana."

"Inna, ku ƙara haƙuri. Mun kusa faɗa mata."

Wata rana da rana tsaka Kaka ta ce, da wata murya da Malama ba ta san ta da ita ba, "To ko muryarta. Ba zan yi magana ba." Malama ta kashe famfo, ta lallaɓa bakin ƙofar ɗakin yara, ta miƙa wayar ta tsagar ƙofa. Takwara tana ciki tana yi wa 'yar tsanarta faɗa, tana ce mata tsohuwa mai rigima, zo in shafa miki man zafi. Malama ta tsaya a haka har hannunta ya sage. Da ta mayar da wayar kunne ba ta ji komai ba sai numfashi, sannan a hankali, "Allah ya yi muku albarka," aka kashe.

Da yamman nan ta tari mijinta tun bai cire takalmi ba.

"Yau za ka faɗa mata."

"Malama, bari ta ƙara sabawa. Irin wannan abu lokaci ake ba shi."

"Wannan ba wakilin wata ƙasa ba ne da zai sha shayi ya gane da kansa. 'Yarka ce. Ka ce mata jira, jira take yi. Uwarka kuma tana can tana satar jin muryar jikarta kamar ɓarauniya."

Ya zauna a hannun kujera, ya sassauta abin wuyansa. Idanunsa suka kaɗa.

"Na san yadda za ta kalle ni," ya ce. "Shi ne ban iya ba."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don ta san ita ma kallon take gudu. Ta dafa kafaɗarsa. Suka ce gobe. Gobe ta zo suka ce ƙarshen mako, har aka kira daga ofis aka ce kaya sun sauka a tashar ruwa.

Ranar da motar kayan za ta zo, aka tura Jakada tarbar wasu baƙi. Takwara ta tashi kafin kowa, ta yi wanka da kanta, ta sa rigarta mai fure wadda ta ɗan ɗage mata. Ta jera kofi biyu a tebur. Da babbar motar ta tsaya a ƙasa, ta ja uwarta har bakin titi tana tsalle. Aka buɗe bayan motar: kwalaye ne har sama.

"Tana can ciki, bayan kaya," ta ce. "Can ne babu iska."

Ma'aikata suka fara hawa da sauka. Ta bi kowannensu tana faɗin kalma ɗaya da ta sa malamarsu ta koya mata a harshen ƙasar, kalmar kaka. Su kuma su yi murmushi su shafa kanta su wuce. A sama, Malama tana yanka salatif. Ƙamshin tsohon gida ya fito daga kwalayen, ƙamshin labulensu da kicin ɗinsu, ya cika falon gwamnati. A kwali na tarkacen baranda ta ci karo da abin da ba ita ta sa ba: silifas ɗin Kaka, masu lotsewar dunduniya, kowanne da jar sitika. Ashe yarinyar ba a hannu kaɗai ta tsaya ba.

"Takalmanta!" Takwara ta fizge su. "Kin gani? Ta iso! Ba takalmi take, shi ya sa ba ta hawo ba!"

Ta ruga bakin lif ta tsaya, ta rungume su. Lif ya buɗe, kwali. Ya rufe, ya sake buɗewa, katifa. Ya sake buɗewa, wani ma'aikaci ne shi kaɗai yana share gumi, ya yi wa Malama alama da hannu cewa an gama. Daga tagar baranda ana hango motar, bayanta wayam, ana ja mata ƙofa.

Malama ta je ta durƙusa a gaban 'yarta a kan tayil mai sanyi.

"Takwara, dube ni. Kaka ba ta cikin motar nan."

Idanun yarinyar suka yi waje. "Jirgin ya nutse?"

"A'a! A'a, lafiyarta ƙalau. Ba ta hau jirgi ba. Tana gidan Gwaggo. Tun farko ba za ta zo ba, ba a yarda kakanni su biyo ba. Ni da Abbanki mun sani. Mun ji tsoron kukanki, muka bar ki kina jira."

Ta shirya wa ihu, ta shirya wa birgima. Babu ko ɗaya. Takwara ta tsaya ƙiƙam tana kallonta, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo ba sallama. Da Malama ta miƙa hannu, sai ta ja da baya taku ɗaya.

"Magen gidan maƙwabta fa?"

"Ba za ta zo ba."

"Mai kawo madara?"

"Ba zai zo ba."

"Ƙawata mai wushirya?"

"Ita ma."

"Bishiyar da nake lilo?"

"Tana can, Takwara. Duk suna can."

Ta yi ta jero su, ɗaya bayan ɗaya, mutane da abubuwan da Malama ba ta ma san yarinyar ta riƙe su ba, kowanne kuma ta ba ta amsarsa ba tare da ta sassauta ba, hawaye yana bin kumatunta. Suna haka lif ya buɗe, Jakada ya fito da jakarsa. Kallo ɗaya ya yi wa silifas ɗin ya gane.

"Abba, Kaka za ta zo?"

Bakinsa ya motsa, tsohuwar amsar ta taso har leɓe. Ya haɗiye ta. Ya ajiye jakar, ya durƙusa da kwat ɗinsa kusa da matarsa.

"A'a, Uwata. Ba za ta zo ba. Sai dai mu mu je, idan an ba ni hutu, kuma da saura."

Takwara ta ƙara matse silifas ɗin a ƙirji.

"Ita ma Kaka ta sani?"

"Ta sani."

"Ita ma ƙarya ta yi min?"

"Ita kaɗai ce ba ta yi ba," in ji Malama. "Ki tuna. Ta taɓa ce miki za ta zo?"

Yarinyar ta shiga lalube a ranta. Sai a lokacin kukan ya ɓalle, mai ƙarfi, daga can ƙasan ciki, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba. Cikin shessheƙa ta miƙa hannu, ba don a ɗauke ta ba.

"Ba ni waya."

Malama ta danna lambar, ta buɗe muryar wayar, ta miƙa mata. Takwara ta shige ɗakinsu da wayar da silifas, ta turo ƙofa. Iyayen suka zauna a kan kwalaye kamar masu jiran a kira su gaban alƙali, Auta yana yaga takarda a ƙafarsu. Ta cikin ƙofa suka ji kuka, dogo, na mutum biyu. Sannan muryar Kaka ta fito da ƙarfinta:

"Ɓarauniyar takalmi! Ashe ke ce? Na zagi ɓeraye, na zagi Gwaggonki, ashe ɓarawon yana ƙetaren teku!"

"Ai don kar ki taka ruwa ne!"

"To yanzu da me zan je unguwa, da kunnenki?"

Wata 'yar dariya ta kufce cikin kukan. Jakada ya rufe fuska da tafukansa. Malama ta kama yatsunsa ta riƙe.

An daɗe. Rana ta sauko ta kwanta a kan kwalayen. Can sai ƙofar ta buɗe kaɗan, ido ɗaya jajir ya leƙo.

"Umma. Zo ki riƙe min wayar, hannuna ya gaji."

Malama ta tashi ta shiga a hankali, ta zauna a bakin gado, ta karɓi wayar ta riƙe mata. Takwara ta ci gaba da ba Kaka labarin lif, da yaron da ke cin fensir a ajinsu, da duk abin da ta tara. Ba ta jingina da uwarta ba kamar yadda ta saba. Amma da gwiwar Malama ta taɓa tata, ba ta janye ba.